Irin da na aiko wa Baba daga Maroko

Shekara biyar na yi a Maroko ina karatun aikin gona, kuma a cikin shekarun nan ne na ɓata irin tattasan mahaifina, ina zaune a ƙasar mutane, ƙafata ba ta ko taka gonar ba. Gara in faɗi wannan tun farko, don duk wanda ya ga takardar digirina a bangon ofis yana ɗauka labarin nasara ne kawai a bayanta.

Gidanmu yana cikin garin Diffa, gonar kuwa tana bakin kogin Komadugu, ta wajen hanyar Chétimari. Tattasai muke nomawa, shi ne cinmu shi ne suturarmu. Amma abin da aka san Baba da shi a wannan yankin shi ne iri. Irin da yake shukawa daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi, kuma duk shekara shi da kansa yake sabunta shi. In tattasai ya fara ja sai ya bi fangali-fangali da tsummoki a kafaɗa, ya tsaya kan wannan, ya wuce wancan, wanda ya yi masa sai ya ɗaura masa tsumma. Waɗannan ba a tsinke su tare da sauran. Sai sun nuna sarai ya cire su, ya shanya daban, ya fasa, ya gauraya ƙwayar da toka ya zuba a gora. Maƙwabtan gonarmu yawancinsu ba sa ma wahalar ajiye iri. Lokacin zuba iri ya yi, sai su zo ƙofar gida su yi sallama, Baba ya auna musu da murfin gwangwani, su yi godiya su tafi. Bai taɓa sayarwa ba. A shekarar da aka gudu saboda tashin hankali aka bar gonakin bakin kogi, mutane da yawa sun rasa ɗan abin da suke da shi, namu kuwa ya tsira saboda gorar tana rataye a ɗakin Baba a cikin gari. Da aka koma noma, daga gorar nan kusan kowa ya sake farawa.

Ni duk wannan bai taɓa burge ni ba. Ina ganinsa kamar yadda nake ganin rijiyar gidanmu, abu ne da na tashi na tarar.

Da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare aka ba ni gurbin karatu a Maroko, unguwarmu ta yanke hukunci cewa malami zan dawo. An ce ƙasar Larabawa, shi ke nan, magana ta ƙare. Wata gwaggona har cewa ta yi in taho mata da ruwan zamzam. Na gaji da bayanin cewa noma zan je koyo, da Faransanci ma za a koyar da ni, kuma tsakanin inda za ni da Makka ya fi tsakanin Diffa da Yamai nesa ba kaɗan ba. Baba ne kaɗai bai yi mini zancen malanta ba. Shi dariya ya yi, ya ce a bar bakin kogi a tafi wata ƙasa koyon noma, to Allah ya sa a dawo da abin da babu a gida.

Na sauka da ƙafafu biyu da girman kai guda. Makarantar Faransanci da Larabci na yi, na san nahawu, ina ji da kaina. Mai tasin farko da na yi wa magana ya juyo ya dube ni, ya fashe da dariya har yana dukan sitiyari, ya ce wai ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Larabcin da suke yi a titi ban kama ko kalma ɗaya cikin biyar ba, suna haɗiye wasula kamar ana korar su. Wata uku na yi ina nuna abu da yatsa a shago. Ga sanyi mai shiga ƙashi daga teku, ga burodi safe da rana da yamma, har na fara mafarkin tuwon gero da miyar kuka. In na ce daga Nijar nake sai a ce mini ai sun san ƙasar, akwai ƙwallo da man fetur. In na gyara musu sai su ce ai duk ɗaya ne. Wasu kuma ɗan Afirka suke ce mini, sai ka ce tasu ƙasar a sararin sama take rataye. Ni kuwa ba ni da haƙuri, sau biyu na kusa dambe a layin karɓar takardar zama.

Kada in ci amanarsu, akwai mutanen kirki, kuma da yawa. Ba a yin Juma'a ba tare da wani ɗan ajinmu ya ja ni gidansu cin kuskus ba, uwarsa tana tura mini nama gabana tana faɗa wai na rame. A azumi ba na rasa wanda zai ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwanon miyar buɗa baki. Amma mutum ya fi riƙe abin da ya soke shi, ni ma haka na yi.

Makarantar tana kudu, a yankin da ake noman kayan lambu a cikin rumfunan leda. In ka hau tudu ka duba, leda ce fara fat har iyakar ganinka. A ciki tattasai yake hawa igiya ya fi mutum tsawo, ruwa na zuwa masa ɗigo-ɗigo ta siririn tiyo, kowane tushe da rabonsa. Ranar da na fara shiga na tuna Baba da injin ban ruwansa mai tari, yana tsaye cikin laka har gwiwa yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Kunya ta kama ni. Ba wanda ya ce mini komai, ni kaɗai na ji kunyata.

Wanda ya ƙara mata gishiri wani malaminmu ne a shekara ta biyu. Yana koyar da darasin iri, ya zo kan manoman da ke cire iri daga amfanin gonarsu, ya ce wannan shi ne babban abin da ke hana noma ci gaba a ƙasashen kudu da Sahara. Sai ya neme ni da ido ya ce, ga ɗan yankin nan, ya ba mu labari, a wajenku yaya ake yi? Ba da mugunta ya tambaya ba, yanzu na gane. Na miƙe na ba su labarin tsumma da toka da gora. Aka yi dariya, ni ma na taya su, har na ƙara da kwaikwayon tafiyar Baba a cikin fangali don dariyar ta yi armashi. Da na zauna zuciyata tana tafasa. Na rasa wa nake jin haushi, sai na ɗora wa Baba.

A darasin nan aka koya mana iri mai aure. Ana ɗauko uwa daban, uba daban, a haɗa su da hannu, abin da suka haifa sai ya fi su duka biyun ƙarfi da yawan ƴaƴa. Sai dai sau ɗaya ake shuka shi. In ka cire iri daga jikinsa ka sake shukawa, abin da zai fito ba zai yi kama da shi ba, kowane tushe zai ɗauko halin wani kakansa can. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne.

A ƙarshen wannan shekarar aka tura mu koyon aiki a wata babbar gona. A can na ga wani tattasai na shanya, dogo, mai siririn ɓawo, ja wur, yana zuba ƴaƴa kamar ba gobe. Na ce wannan ai Diffa aka yi wa shi. Gwangwani biyu na irinsa sun rage a ɗakin ajiya, kwanansu ya kusa ƙarewa, na roƙi mai kula da gonar ya ce in ɗauka. Wanda ya miƙo mini su wani dattijo ne lebura, ɗan kan dutse, wanda muke shan shayi tare da rana. Shi yakan tambaye ni labarin gonarmu, kuma shi kaɗai ne bai yi dariya ba da na ba shi labarin gora. Ya riƙe gwangwanayen bai sake ba, ya ce, “Ɗana, ka gaya wa babanka wannan sau ɗaya ne. Ka gaya masa da kyau. Mu tsofaffi hannunmu ya saba, in muka ga ɗa mai kyau sai mun ajiye.”

Na ce masa ai na sani, ni da nake karanta abin.

Na juye irin a cikin robar ruwa don kada a tsare shi a filin jirgi, na yar da gwangwanayen da duk rubutun da ke jikinsu. Wani ɗan Mainé-Soroa da zai je gida ya kai mini shi har hannun Baba. Sannan aka shiga ja-in-ja ta waya. Baba ya ce zai gwada a fangali biyar ya gani. Na ce a'a, gonar duka. Ya ce to zai raba biyu. Na ce in ya shuka su kusa da juna ƙudan zuma za su gauraya su, na gidan ya ɓata sabon. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar ta zauna. Na yi masa Faransanci, na yi masa Larabci, na ce shekara biyu ke nan ina cin burodi a cikin sanyi, in ba zai ji maganata ba me ya sa ya bar ni na taho. Wannan ce ta karya shi. Ya ce, “To, injiniya. Bana gonarka ce.”

Ban gaya masa sau ɗaya ake shukawa ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Na san Baba. In ya ji cewa iri ne da sai an koma wurin mai shi duk shekara, ko buɗe robar ba zai yi ba. Ni kuwa so nake in ci gardama. Na ce a raina baɗi zan sake aiko masa da wani kafin lokaci, in ce an ƙara inganta shi, shi ke nan ba wanda zai ji ciwo.

Shekarar nan tattasai ya yi abin da ba a taɓa gani ba a gonarmu. Aka rasa wurin shanya, har filin maƙwabci aka ara. Dillalan kasuwa da kansu suka riƙa zuwa bakin gona. Iya, mahaifiyata, ta kira ni tana guɗa a waya, ta ce mutane na zuwa kallo daga Chétimari. Baba ba mai yawan yabo ba ne, abin da ya ce kawai shi ne, “Ashe karatun naku ba zaman banza ba ne.” Na yi mako guda ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta. Har hoton shanyar na nuna wa malamin nan namu.

Da lokaci ya matso na nemi irin ban samu ba. Gonar da na yi koyon aiki sun daina noma shi, shagunan garin kuma ba su da shi, sai an yi oda daga wani gari. Ga jarrabawa a kaina, na faɗi darasi biyu sai na sake su. Na ce gobe, na ce jibi. Ina cikin haka Baba ya kira ni wata ranar Talata da hantsi, ina tsaye a barandar aji da ƴan ajinmu biyu muna jiran malami. Muryarsa wasai. Ya ce, “Kada ka wahal da kanka da aike bana. Na zaɓa. Na bi su ɗaya-ɗaya, na cire masu kyau, gora biyu na cika. Mutane sun dame ni, na ba gida tara. Kowa na sa maka albarka.”

Ba a zuba irin a ƙasa ba tukuna, da sauran kusan wata guda. Magana ɗaya ce ta rage mini: Baba, kada a shuka, a koma kan na gida. Tsohon irin yana nan a gorarsa, shekararsa ɗaya da ƴan watanni, da zai tsiro. Amma sai na hango shi yana bin gida tara yana karɓo abin da ya bayar da hannunsa, yana cewa ɗana ne bai gaya mini ba. Na hango albarkar da ake sa mini tana komawa wani abu daban. Sai wata murya a cikina ta ce ai littafi ne ya faɗa, wataƙila a ƙasarmu abin ba zai yi muni haka ba. Malami ya iso, abokaina suka yafito ni. Na ce, “To Baba, Allah ya sa albarka. Za mu shiga aji.”

Na shiga na zauna awa biyu ana koyar da cututtukan tumatir, na rubuta komai tsaf.

Abin da littafi ya faɗa shi ya faru, bai rage komai ba don an zo Diffa. A fangali guda sai ka ga wani tushe dogo, wani gajere, wani ya nuna wani ko fure bai gama ba. Wasu ƴaƴan ƙanana masu yaji kamar barkono, wasu masu kaurin nama da ba sa bushewa, sai su ruɓe a wurin shanya su ɓata na kusa da su. Launin ma ya rabu, wannan ja, wancan kamar ƙasa. Tattasanmu kuwa ana sayensa ne don launi da rashin yaji, in dillali ya gutsura ɗaya harshensa ya ɗauka, buhun duka ya faɗi. Haka aka yi a gonarmu, haka aka yi a gonaki tara. A cikinsu akwai wanda ya ɗaga auren ɗansa, akwai wanda ya sayar da injinsa.

Na jira a kira ni a zage ni. Wallahi da an yi haka da na samu sauƙi. Ba wanda ya kawo ni a zancen. A ganin kowa irin da na aiko mai kyau ne, ai sun gani da idonsu bara. Abin da ya canza tsakanin bara da bana abu ɗaya ne, hannun da ya zaɓa. Malaman gona a lokacin ba kasafai suke gangarawa bakin kogi ba, kuma ko sun zo, robar ruwa ba ta da rubutu. Baba da kansa ya yanke wa kansa hukunci. Ya ce mini a waya, “Ɗana, na ɓata maka iri. Idona ya tahi ban sani ba. Ina ganin abu mai kyau ashe ba shi ba ne.” Ya ce in yi haƙuri.

Ni ne aka ba haƙuri, kuma na karɓa. Na ce ba komai Baba, haka Allah ya so.

Iya ce ta ba ni sauran labarin daga baya, a guntu-guntu. Baba ya bi gidajen nan tara da ƙafarsa, ya zauna a zauren kowa ya nemi gafara. Ya je asibiti an duba idon an ce ba a ga wani abin kirki ba, ya ce likitan yaro ne bai iya ba, ya shiga kasuwa ya sayi tabarau a kan tebur. Da lokacin zuba iri ya sake zagayowa ya sauko da tsohuwar gorar. Ta haura shekara biyu a rataye a zafin Diffa, abin da bai taɓa bari ya faru ba tun da ya karɓe ta. Ya zuba, ya yi ta ban ruwa safe da yamma. Ɗan abin da ya tsiro bai fi a ƙirga da yatsu ba, shi ma bai kai dashe ba. Ya nemi ko akwai wanda ya rage da na da a cikin waɗanda ya taɓa ba wa, ya je har Chétimari. Wanda ya samu ya riga ya gauraye. A ƙarshe ya sayi iri a kasuwa, a awo, kamar kowa. Tun daga nan ba wanda ya sake sallama a ƙofarmu don iri.

Shekarata ta ƙarshe a Maroko ita ce ta fi kowace sauƙi a ido. Na iya Larabcinsu har ina ciniki ina zagi da shi, na san gidan wankan da ya fi zafi, na san inda ake sayar da kifi da araha a bakin teku. Amma ban ji daɗin komai ba. Na daina zuwa kuskus ɗin Juma'a. Sau ɗaya na haɗu da dattijon nan lebura a tashar mota, ya rungume ni ya tambayi babana da tattasansa. Na ce lafiya lau, an gode. Ya ce ka dai gaya masa ko? Na ce na gaya masa. Motar da ba tawa ba ce ta tsaya, na shige ta don kawai in rabu da shi, na sauka a wata unguwa na dawo da ƙafa. Sau nawa na ɗauki waya da niyyar faɗa wa Baba, sai in ce wannan ba maganar waya ba ce, sai na koma gida. Tsoro ne, na sa masa rigar ladabi.

Na dawo da damina, kogi ya fara kawo ruwa. Aka yi taro, aka yanka rago, gwaggona ta tambayi zamzam ɗinta. Baba ya rame, ga tabarau mai baƙin kewaye ya zauna masa a karkace a kan hanci. A gaban baƙi ya ce, “Ga injiniyan da ya kawo mana iri mai kyau, tsufa ya sa na watsar.” Mutane suka ce haba, ai kowa da ranarsa. Naman nan ban san yadda na haɗiye shi ba.

Kwana huɗu na ƙara kafin in iya gaya masa. Na bi shi gona da safe, yana gyaran bakin rami inda tiyon inji ke zuba. Na tsaya a bayansa na faɗi komai, ban tsallake ko ɗaya ba. Na gaya masa abin da aka koya mana, da gargaɗin dattijon, da gwangwanayen da na yar, da ranar Talatar nan a baranda. Na ce ko wa ya zaɓi irin nan haka zai fito, ko ni, ko malaminmu, ko mahaifinsa da ya tashi daga kabari. Ina magana ina kuka kamar yaron goye, ni da gemuna.

Bai juyo ba sai da ya gama toshe ramin. Ya wanke hannunsa a ruwan, ya zauna a kan kunya, ya cire tabarau ya riƙe. Ya daɗe yana kallon gonar. Na zaci zai tashi ya mare ni, har na matso don ya samu sauƙin kaiwa.

Ya ce, “Ashe idona lahiya lau.”

Na ce lafiya lau, Baba.

Ya ce, “Shekara biyu ina tsoron in zaɓi ko akuya a kasuwa.”

Can na ce zan bi gidajen nan tara yau ɗin nan, in gaya musu da bakina, in wanke shi. Sai a lokacin ya dube ni, kuma a nan ne na ga fushin, bai ɗaga murya ba amma na gan shi.

Ya ce, “Ba inda za ka. Na riga na ba su haƙuri, sun haƙura. Tsoho ne idonshi ya gaza, wannan kowa ya san da shi, ba wanda zai riƙe. In ka tahi ka ce musu ɗan da aka tura karatu ne ya sani ya yi shiru, wa zai sake jin maganarka a kogin nan? Wa zai sake barin ɗanshi ya tahi lakwal? Irin ya tahi, ba ya dawowa. Kada ka sa in rasa biyu.”

Na ce Baba, sunanka fa.

Ya ce, “Da ka tuna da shi ranar Talatar.”

Ya mayar da tabarau ɗin a fuskarsa, ya ce in je in tayar da inji, rana na yi.

Yanzu aikin ba manoma shawara nake yi a wannan kwarin. Ina hawa babur in bi ƙauyuka, ana shimfiɗa mini tabarma, ana jin maganata. Duk inda na raba iri mai aure sai na faɗa sau uku cewa sau ɗaya ake shuka shi, har manoma na yi mini tsiya wai na mayar da su kurame. Sau da yawa in an gama taro wani dattijo zai ja ni gefe ya tambayi jikin Baba, ya ce Allah sarki, mutumin kirki, da can ba wanda ya kai shi sanin iri kafin idon ya ci amanarsa. Ni kuma in ce, Allah ya ƙara masa lafiya.

A gida ba ya sa tabarau ɗin, yana saka zare a allura in Iya ta kasa. Amma in zai fita masallaci ko kasuwa sai ya tsaya a zaure ya laluba aljihu ya ɗora shi a hanci. Jiya ya manta da shi a kan tabarma, har ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce in miƙo masa. Na miƙa masa.